Masu kifin ado, a daina binne shukar ruwa da ranta

Akwatin gilashi mai kifin ado yana ƙara shiga falo da ofisoshi da asibitoci. Sai dai sau da yawa labarin iri ɗaya ne: mutum ya sayi shuka koriya shar da tsada, ya tura ta cikin tsakuwa kamar mai dashen albasa, bayan mako uku ganye ya yi rawaya, gindi ya ruɓe, ruwa ya fara wari. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa shukar ruwa ba ta yi a ƙasarmu, ya koma furen roba.

A ganina wannan hukunci zalunci ne. Laifin ba na shukar ba ne, na gaggawa ne da kuma masu sayarwa da ke karɓar kuɗi ba tare da sun yi wa mai saye bayani ba.

Ɗauki Anubias, wadda ta fi kowace shahara. Asalinta dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, har da kudancin Najeriya da Kamaru, inda take manne da duwatsu da itatuwa a bakin rafi, cikin inuwa. Tana da kara mai kauri a kwance, kamar ɗanyar citta, ganye na fitowa ta sama, saiwa ta ƙasa. Bambancinta da citta shi ne, idan aka binne wannan karan sai ya ruɓe. Haka Java fern ta kudu maso gabashin Asiya take. A jikin itace ko dutse suke zama, kuma daga ruwa suke samun abincinsu.

Ɗaura su ba wuya. A ɗora karan a kan itacen, a naɗe da zaren auduga ba tare da an matse shi ba. Kafin zaren ya narke, saiwa ta kama. Zaren fatsa ma yana yi, amma shi sai an yanke daga baya. Mai son sauƙi ya ɗiga Super Glue mai kauri sau biyu ko uku, ya danna na rabin minti, kada dai ya shafe karan gaba ɗaya. Sauran aikin haƙuri ne, domin kamawa na ɗaukar makonni, wani lokaci wata biyu. Wanda ke ɗaga ta kullum yana dubawa, shi ke tsinke sabuwar saiwa da hannunsa.

Itacen ma sai an zaɓa. Busasshe mai tauri ake so, a kankare ɓawon, a tafasa shi ko a jiƙa na makonni har ya nutse. Kada a kusanci katakon kafinta da aka shafa wa fenti ko maganin gara, ko icce mai farin ruwa irin tinya da tumfafiya, domin guba ne ga kifi. Idan ruwa ya yi launin shayi, ko farin yauƙi ya fito a jikin sabon itace, ba abin tayar da hankali ba ne, suna wucewa.

Kuskure na biyu shi ne haske. Mutane na ajiye akwatin a bakin taga ko su bar fitila kwana da wuni, sai gansakuka ta rufe ganyen. Awa 6 zuwa 8 sun wadatar. Zafi kuwa, waɗannan shukoki sun fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28, don haka a watannin Maris zuwa Mayu a kai akwatin ɗaki mafi sanyi, a buɗe murfinsa, fanka ta riƙa kaɗa saman ruwan. A sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba.

Masu furen roba za su ce nasu ba ya mutuwa, ba ya neman kulawa. Gaskiya ne. Amma ba ya zuƙe ko ƙwayar dattin da kifi ke fitarwa, ba ya ƙara wa ruwa iska, kuma launinsa koɗewa yake yi. Anubias ba ta ɗauke wa kowa sauya ruwa ba, tana girma a hankali, kusan ganye ɗaya a wata. Amma tana shekaru, tana jure ɗaukewar wuta, kuma idan ta yi tsawo a yanka karan biyu, kowane da ganye uku ko huɗu, an sami shuka biyu.

Don haka kira na ga masu shaguna: jimla ɗaya ce, "kada ka binne karan," ku riƙa faɗa wa mai saye kafin ya fita. Wanda shukarsa ta rayu shi ne zai dawo muku gobe, har ya kawo maƙwabcinsa.