Jakara Da Kududdufan Birni Hurumin Jama'a Ne

 Ina so yau in yi magana a kan rafin Jakara na birnin Kano, da kududdufai da 'yan itatuwan da suka rage mana a unguwanni. Na sani wani zai ce ina ruwan malamin allo da zancen kwata. To, ya yi mini haƙuri ya ji ni tukuna.

Abin da ya tsokano maganar shi ne, kwanan baya ina biya wa almajiraina babin tsarki, muka zo wurin bayanin ruwan da ya halatta a yi alwala da shi. Na ce ruwan sama, da na rijiya, da na rafi kamar Jakara. Kafin in rufe baki sai suka tuntsire da dariya, wani yaro ɗan shekara 12 ya ce, "Allah gafarta malam, ai Jakara kwata ce." Ban tsawata musu ba, domin gaskiyarsu ce. Tun da aka haife su ba su taɓa ganin Jakara ba sai da wari da leda. Amma abin ya tsaya mini a rai har na kwanta.

Ya ku jama'a, Jakara ta girmi ganuwa, ta girmi gidan sarki. Marubucin Tarihin Kano ya ambace ta tun a labarin Barbushe da mutanen dutsen Dala, ya nuna ana kiran wurin Kurmin Baƙin Ruwa, saboda duhun ruwan da itatuwan da suka kewaye shi. A gefen wannan kurmi aka kafa babbar kasuwa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ita ce har gobe ake ce wa Kasuwar Kurmi. Sunan ya zauna, kurmin ya tafi. Baturen nan ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, da ya shigo Kano a 1851 ya tarar da Jakara fadama ce mai faɗi wadda ta raba birnin gida biyu. Yau mutum zai iya tsayawa a kanta bai san a kan ruwa yake ba, don tun 2013 gwamnati ta soma aikin shafe ta da siminti a shimfiɗa titin Wuju-Wuju bisanta, aikin kuwa ya daɗe yana tafiya yana tsayawa.

Rufe ta bai kashe ta ba, ɓoye ta kawai ya yi. Tana nan tana ratsa birni, ta fita ta wajen Fagge, ta bi gefen Sabon Gari ta nufi arewa maso gabas, can ta gamu da rafin Getsi wanda ke ɗauko dagwalon masana'antun Bompai, sa'an nan su tafi tare su zuba a madatsar Wasai cikin ƙasar Minjibir. Duk wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san hukuncin: ruwan da launinsa ya jirkita saboda laka ko gansakukar da ke cikinsa yana nan da tsarkinsa, amma wanda najasa ta sauya masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi ya fita daga ibada, ya fita daga girki. Ashe ke nan baƙin Jakara na dā da baƙinta na yau ba ɗaya ba ne. Na dā inuwa ce da laka. Na yau kuwa kowa ya san ko na mene ne.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Da an zauna hira sai a ɗora laifin a kan masana'antu da mayanka da hukuma, kuma lalle suna da nasu kaso, ba ƙarami ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wane ne ya juya bututun bayan gidansa ya auna rafi? Wace ce ke aiken yaro da kwandon shara bayan sallar isha ta ce ya juye a gada? Ba Bature ba ne, ba gwamna ba ne, mu ne masu sallah a sahun gaba. Sa'an nan can ƙasa manoman rani suna jan wannan ruwa da injin suna ba latas da kabeji da alayyafo da karas, a ɗauro a kawo kasuwa, mu saya mu kai gida. Abin da muka zubar da dare shi ke komo mana cikin kwano da rana. Manomin ban ga laifinsa ba, ruwan da muka aika masa shi ya samu.

Kududdufai su ne suka fi ba ni takaici, domin su a kan idona suka ɓace. Asalinsu ramuka ne da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar tubali da ta ganuwa, suka zama matattarar ruwan damina. Sa'ad da nake ƙolo, kusan kowace unguwa tana da nata, musamman bin ganuwa ta wajen Ƙofar Ɗan Agundi da Ƙofar Na'isa. A nan muka san bado da kainuwa, a nan muka san balbela da shamuwa, a nan muke sa ƙugiya ranar Alhamis mu kama tarwaɗa, in malam ya ji labari mu sha bulala. Ba na cewa ruwansu na sha ne. Amma in sama ta yi awa uku tana zuba, su ke haɗiye ruwan kafin ya kai ƙofar gidan kowa, kuma su ke riƙe rijiyoyin unguwa har bazara.

Akwai ɗaya a bayan makarantarmu, da wata tsohuwar tsamiya a bakinsa inda gardawa ke zama kiskadi. Wata shekara muka wayi gari motocin tifa suna juye shara da ɓaraguzai a ciki. Aka ce wani mai hali ne ya saya, ba zan kama suna ba. Muka taru a ƙofar masallaci muka yi ta salati, kowa na cewa wannan ba daidai ba ne, amma ko mutum ɗaya bai taka ya je wurin mai unguwa ba, har ni mai wannan magana. Cikin wata 2 aka cike shi, aka sare tsamiyar, aka yi shaguna. Da damina ta kankama ruwa ya zo neman gidansa bai samu ba, sai ya shigo namu. Na tashi tsakar dare na tarar da alluna suna yawo a zaure, buzuna ya jiƙe, littattafan da na gada wurin mahaifina tawadarsu ta narke. Katangar maƙwabcina ta faɗi, Allah ya kiyaye ba ta danne kowa ba. Abin da ya same mu a lungu shi ya sami 'yan kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022, da ruwa ya shiga shaguna ya ɓata atamfa da shadda na dukiya mai yawa, aka yi ta kuka da gine-ginen da suka toshe magudana.

Mu Hausawa muna da kalmar wannan al'amari tun dā, ita ce hurumi, daga Larabci muka samo ta. Hurumin gari shi ne filin da ba na kowa ba domin na kowa ne. Malaman fiƙihu sun yi masa babi. A Muhtasar an bayyana cewa gari yana da haraminsa, watau wurin itacensa da makiyayarsa, rijiya tana da nata gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa masu ɗiba ba, ba zai cuci ruwan ba, har itacen dabino yana da nasa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don dawakin Musulmi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. Ba daga Turai aka kawo mana zancen kare daji da rafi ba. A littattafan da ke cikin gafakarmu yake, mu ne dai muke karanta babin mu wuce kamar labarin wata ƙasa.

Na ji wani malami abokina yana cewa girmama kurmi da ruwa ai hanyar maguzanci ce, ba a Jakara mutanen Barbushe ke yanka ba? Na ce masa, malam, an rushe bautar Tsumburbura kuma an yi daidai, amma ruwan bai yi shirka ba, itacen ma bai yi ba. Allonka daga aduwa aka sassaƙo shi, alƙalaminka kara ne, ƙaron tawadarka daga jikin itace ya tsatso. In daji ya ƙare da me za ka rubuta? Wasu kuma suna cewa kududdufi gidan sauro ne, yara na nutsewa a ciki, duhuwa kuwa maɓoyar 'yan daba ce. Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba, na san gidan da aka yi makokin yaro saboda kududdufi. Amma kududdufin da ya zama bola shi ke tara sauro fiye da kima, duhuwar da mutanen kirki suka ƙaurace wa ita ɓata-gari ke gaje wa. Wurin da dattawa ke shimfiɗa tabarma da la'asar ba ka ganin mai shaye-shaye a can. Maganin bakin kududdufi shinge ne da idon manya.

Saboda haka kirana ga masu unguwanni ne da limamai da 'yan'uwana malaman allo, tun kafin hukuma. Zamanin En'e akwai duba-gari mai leƙa randa, yanzu kuwa ana hana fita safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata don tsabta, yawancinmu sai mu mai da ita ranar ramuwar barci. Ga samari 'yan ƙungiyoyin aikin gayya suna yashe kwatoci da shebur ɗin aro, ba mai ce musu sannu. A haɗa kai da su. Kowace unguwa da ke da sauran kududdufi, ko bakin rafin da ba a rufe ba, ko tsohuwar kuka ko rimi ko durumi, dattawanta su fita da igiya su auna iyakarsa, a rubuta takarda da boko da ajami, a sa hannu, ɗaya ta zauna wurin mai unguwa, ɗaya wurin hakimi, ɗaya a masallaci. Ranar da tifa ta zo a san abin da za a ɗauka a tafi da shi, kada a tsaya salati kamar yadda muka yi. Liman kuma ya faɗa ran Juma'a da Hausa ƙarara cewa ɓata mashayar jama'a da inuwarsu abin hani ne, ba ƙazanta kaɗai ba.

Ni dai abin da ke hannuna na soma. Bara na sa almajirai suka dasa darbejiya 6 da tsamiya 2 a gefen makaranta, awaki suka cinye 5 cikin mako guda, domin ban yi musu shinge ba. Bana mun sake, muka kewaye kowace da ƙaya da tsofaffin bulo, muka yi ɗan lambatu daga wurin alwala zuwa gindinsu, kowane itace da yaron da ke kula da shi. Shi yaron da ya ce Jakara kwata ce, tsamiya na ba shi. Na kuma yi musu alkawari bayan sallah zan ɗauki mota in kai su Wasai su ga inda ruwan unguwarsu ke ƙarewa, in iyayensu sun yarda.