Candida auris na bin gadajen asibiti, mu kuma muna shan magani kamar alewa

Ɗan'uwa mai karatu, duba wayarka yanzu. Da wuya ka yi minti biyar a TikTok ko Facebook ba ka ci karo da mai tallar "maganin sanyi" ba. Wannan ta ce haɗinta na wanke mara tas, wancan ya ce ka shiga kemis ka sayi fluconazole ka sha guda uku, magana ta ƙare. Babu gwaji, babu ganin likita. To akwai wata cuta da ke neman nuna wa duniya inda irin wannan ganganci ke kai mutane, sunanta Candida auris.

Ƙwayar cuta ce dangin yis, 'yar'uwar wadda ke kawo farin baki ga jarirai da ƙaiƙayin gaba ga mata, sai dai ita ta fi su taurin kai nesa ba kusa ba. A 2009 aka fara bayyana ta a Japan, daga kunnen wata dattijuwa, shi ya sa aka sa mata "auris", wato kunne da Latin. Cikin 'yan shekaru ta ɓulla a Indiya, Afirka ta Kudu, Kenya, Amurka da Ingila. A 2022 masu bincike suka wallafa rahoton samun ta a jinin marasa lafiya a nan Najeriya, kuma a shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a sahun farko na cututtukan funfuna mafi haɗari.

Kada ka tsorata ka fara tura wa mutane saƙon "sabuwar annoba". Mai lafiya da ke yawo a gari ba shi take nema ba. Wanda take kamawa shi ne wanda ya daɗe a kwance, wanda aka sa wa robar fitsari ko layin ƙarin ruwa a babbar jijiya, wanda ke kan injin numfashi, da wanda aka daɗe ana ɗirka wa antibayotik. Ta nan take samun ƙofa ta shiga jini. Hukumar CDC ta Amurka ta ce fiye da mutum ɗaya cikin uku da ta shiga jininsu na rasuwa, kodayake yawancinsu dama suna fama da wasu manyan cututtuka.

Abin da ya sa likitoci ke jin tsoronta shi ne ƙarancin makami. Manyan rukunan magungunan da ake yaƙar yis da su idan ya shiga jini uku ne kacal. A Amurka, kusan kashi 90 cikin 100 na samfuran da aka gwada ba sa jin fluconazole, maganin da ya fi araha kuma ya fi samuwa a wurinmu. Wanda ake komawa gare shi allura ce mai tsada, da wuya ka same ta a ƙananan asibitocinmu. Ga shi tana yin makonni a jikin gado da teburi, wasu sinadaran goge-goge ma ba sa kashe ta. A 2016 sai da asibitin Royal Brompton na Landan ya rufe sashen masu tsananin jinya na wasu kwanaki saboda ita. A Oxford kuwa, na'urar gwada zafin jiki da ake sa wa a hammata ce aka gano tana yaɗa ta daga wannan gado zuwa wancan. Idan Ingila ta ji jiki haka, yaya kake gani a ɗakin da mutum biyu ke raba gado ɗaya?

Wani zai ce wannan ai aikin gwamnati ne da ma'aikatan lafiya. Gaskiya ne, kayan gwaji da tsaftar asibiti suna wuyansu, domin gwajin da aka saba yi kan ɗauke ta a matsayin wani yis ɗin daban. Amma mu ma akwai namu. Duk lokacin da aka sha maganin yis ba bisa ƙa'ida ba, raunanan ƙwayoyi ne ke mutuwa, masu taurin kai su samu fili. Antibayotik ɗin da ake sha don mura kuma yana kashe ƙwayoyin da ke tare yis a jiki. Ranar da mahaifiyarka za ta buƙaci maganin da gaske, yana iya zuwa ya tarar an riga an kashe masa kaifi.

Saboda haka, idan kina jin ƙaiƙayi ko kana zargin sanyi, a je a yi gwaji kafin a haɗiyi komai. Idan ka ga mai tallar magani yana rubuta wa mutane adadin da za su sha a ƙasan bidiyo, kada ka tura, kada ka danna masa so. Idan ka je dubiya, wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa mara lafiya da bayan ka fito, ka goge wayarka, ka daina zama a kan gadonsa, kuma ka bar robar da ke jikinsa ta zauna lafiya. Mai jinya kuma yana da damar tambayar nas cikin ladabi ko an goge na'urar da za a sa wa ɗan'uwansa.

Gemun maƙwabta ya riga ya kama da wuta, namu ma ya fara jin zafi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.