Sharhi: Tarihin da Ke Ƙarƙashin Garma



A watan Yulin 2001, a hamadar Jurab da ke arewacin Chadi, wani matashi ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, ya tsinci ƙoƙon kai cikin rairayi. Yana aiki ne da ayarin masanin Faransa Michel Brunet. Aka sa wa ƙoƙon suna Tumai, aka ƙiyasta shekarunsa sun kai miliyan 7. Masana da dama na lissafa shi cikin mafi daɗewar halittu masu kama da mutum, wasu kuma na jayayya.

Kafin nan hankalin masu bincike ya fi karkata ga gabashin Afirka, inda aka samo ƙasusuwan wata halitta mai kama da mutum da aka sa wa suna Lusi a Habasha a 1974. Tumai ya sa suka waiwayo yankinmu. A Gobero ta Nijar an gano kaburbura kusan 200, wasunsu na masunta da suka zauna bakin tafki shekaru kusan 10,000 da suka wuce, inda yau sai yashi. A Dufuna ta Jihar Yobe kuwa, makiyayi ne yana haƙa rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai shekaru kusan 8,000.

To, ina ruwan manomin Funtuwa ko Malumfashi? Ai shi ke juya ƙasa kowace damina. Garma kan tono dutse mai santsi, mai baki kamar an wasa shi, wanda muke kira gatarin aradu. Hannun mutum ne ya goge shi, ya sari itace da shi tun kafin a san ƙira. Danshin ƙasarmu yakan cinye ƙashi, amma dutse da katangar tukunya sukan tsira.

Mai haƙa rijiya, mai yankan bulo, mai neman zinare: in kun ga irin wannan, kada ku fasa, kada ku sayar wa dillali. Daga zurfin da abu yake kwance da ƙasar da ta lulluɓe shi ake gane shekarunsa. Da zarar an ɗauke shi, shaida ta ɓace. Ku bar shi a wurinsa, ku sanar da mai unguwa, a kai labari gidan tarihi na Katsina ko Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Su ma hukumomi su riƙa sauka ƙauyuka suna wayar da kai, su kuma karrama duk wanda ya kawo labari.