Daga Madafin Uwargida: Shayi Mai Kauri Da Kayan Ƙamshi

 

Abin da ya sa na ɗauko zancen shayi a wannan wata, wasiƙar wata 'yar'uwa ce da ta iso mana daga Zariya. Ta ce kullum maigidanta ya ci tuwon dare sai ya saɓa riga ya nufi teburin mai shayi, ba zai dawo ba sai dare ya raba. Da ta yi masa magana sai ya ce ai nata shayin ruwan bunu ne, ba ya kama baki. To 'yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, mai shayin nan ba wani asiri yake yi ba. Bambancinku da shi kawai, ke kina tsoma jakar shayi a ruwan zafi ki tsame, shi kuwa dafawa yake yi.

Irin wannan shayi da ake dafa ganye da madara da kayan ƙamshi a tukunya ɗaya, mutanen Indiya ne suka fi shahara da shi, suna ce masa masala cai. Daga can 'yan ci-rani suka kai shi yankunan Larabawa irin su Katar da Dubai, inda ake kiransa karak, wato mai ƙarfi. Mutanen Yaman ma suna da nasu da ake kira shayin Adani, wanda da yawa daga cikin hajiyoyinmu sun sha shi a Makka da Jidda. Kayan haɗinsa kuwa duk muna da su a kasuwanninmu, wajen masu kayan yaji.

Ga abin da za ki tanada na mutum 4:

Ruwa kofi 3 da rabi
Madarar ruwa ƙaramin gwangwani 1
Ganyen shayi baƙi cokalin shayi 4, ko jaka 5
Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa
Kanumfari ƙwaya 4
Hel, wanda wasu ke kira habbahan, ƙwaya 5
Kirfa kamar tsawon ɗan yatsa
Masoro ƙwaya 5
Sukari daidai buƙata

In da hali ki sayi ganye na garwatse, mai kama da ƙananan ƙwayoyi, domin ya fi saurin ba da launi da ƙarfi. Wanda ake nomawa a tsaunin Mambila ta jihar Taraba ma yana yi sosai. Idan na jaka ne a hannunki, ki farke jakar ki juye ganyen.

Da farko ki wanke cittar ki kankare bayanta, ki ɗan daddaka ta a turmi. Kanumfari da hel da masoro su ma ki fasa su sama-sama, kada ki mayar da su gari, don garin yana bin rariya ya kwanta a gindin kofi. Sai ki ɗora ruwa a tukunya mai tsabta wadda ba ta warin miya, ki zuba kayan ƙamshin duka, ki bar su su tafasa kamar minti 6 har ƙamshi ya cika madafi.

Daga nan ki zuba ganyen shayi, ki rage wuta, ki ba shi minti 2 zuwa 3. Idan ruwan ya yi jajir har ya doshi baƙi, sai ki zuba madara da sukari ki juya. Yanzu ne ake son ki tsaya a kansa, kada ki ce bari ki leƙa ɗaki, don madara ba ta da alkawari. Da zarar ya taso zai zube, ki ɗaga tukunyar ko ki rage wuta ya koma, ki sake barinsa ya taso. Ki yi haka sau 3. Wannan tasowa da komawa ita ke sa ruwa ya ragu, madara ta kama ganye, shayin ya yi kauri da launin ƙasa-ƙasa mai kyau. Sai ki tace da rariya mai laushi. Idan a filas za ki zuba, ki fara ɗauraye shi da ruwan zafi don ya riƙe ɗumi.

Wadda za ta yi amfani da madarar gari, ta dama cokalin cin abinci 6 da ɗan ruwan ɗumi tukuna, kada ta barbaɗa ta kai tsaye, za ta yi gudaji. Idan kuwa madarar shanu ce ta Fulani, a rage ruwa zuwa kofi 2 a sa madara kofi 2, kuma lallai ta tafasa sosai, domin ɗanyar madara na iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka.

Akwai kurakurai biyu da na ga sun fi ɓata wa mata wannan shayi. Na farko shi ne jefa ɗanyar citta cikin madara. Ɗanyar citta tana da wani sinadari da ke tsinka madara, tafasa ce ke kashe shi, shi ya sa muka fara dafa ta a ruwa. Na biyu shi ne barin ganye ya daɗe a wuta da sunan neman ƙarfi. Abin da za ki samu ɗaci ne da bauri. Mai son ƙarfi ta ƙara ganye cokali guda, ta bar lokacin yadda yake. Kanumfari kuma a yi hattara da shi, in ya yi yawa yana danne ƙamshin sauran.

Sai kuma 'yar nasiha kan lafiya. Shayi yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, musamman na wake da ganye. Saboda haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su bari sai bayan cin abinci da kamar awa 1, kuma kada su haɗiyi maganin ƙarin jini da shi. Mai ciki ta tsaya a kofi 1 ko 2 a rana idan shayin mai ƙarfi ne. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa babu ruwansa da shayi, nonon uwa ya ishe shi. Yara ƙanana a yawaita musu madara, a rage ganye, kuma kada a ba su da dare don yana hana barci. Sukari ma a sassauta, cokali 1 ko 2 a kofi ya wadatar, musamman a gidan da akwai mai ciwon sukari.

'Yar'uwata ta Zariya, ki gwada wannan a daren da sanyi ya sauko. Ki soya ƙwai, ki yanka burodi, ki ajiye filas ɗin a gabansa kafin ya kai hannu ga hularsa. Kada ki yi masa gori, ki zuba masa kawai ki zauna ku sha tare. Idan Allah ya sa an dace, ki rubuto mana mu ji.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu kawo yadda ake cincin mai madara na shan shayi. A ci daɗi lafiya.