Waiwaye: Ƙwayar da ta rage ci, ta taɓa hankali

An daɗe da sanin cewa mai shan wiwi, da zarar ta hau shi, sai yunwa. Malmala uku ba ta kai masa ko'ina. Nan masana suka kama bakin zaren. A 1990 aka gano fasalin wata kafa a ƙwaƙwalwa wadda sinadarin wiwi ke maƙalewa, ana kiranta CB1. A 1992 Raphael Mechoulam da abokan aikinsa a Birnin Ƙudus suka nuna cewa ƙwaƙwalwa da kanta tana haɗa makamancin sinadarin. Sai aka ce, tunda taɓa kafar ke kawo yunwa, a toshe ta mana.

Kamfanin Sanofi-Aventis na Faransa ya fito da rimonabant, da sunan Acomplia, Tarayyar Turai ta amince da shi a 2006. Ya kuwa yi aiki: cikin shekara guda masu sha suka zubar da kilo huɗu zuwa biyar fiye da waɗanda aka bai wa ƙwayar wofi, kitsen jininsu ya gyaru. Ashe kafar nan tana da hannu wajen riƙe natsuwa da walwala. Sai ga ƙuncin rai, rashin barci, wasu har da tunanin kashe kai. Amurka ba ta taɓa amincewa da shi ba, kuma a Oktoban 2008 Turai ta dakatar da sayar da shi.

Abin da ya tsayar da ƙwayar nan shi ne likitoci suna rubuta abin da suka gani, ana tattarawa. Wannan ne ke damuna da namu lamarin a birnin Zazzau. Daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, budurwar da biki ya matso tana haɗiyar ƙwayar sa ƙiba ta "sha ka fashe" da aka ƙulla mata a leda, babu suna, babu takarda. Mahaifiyarta kuma, mai fama da teɓa da ciwon suga, tana shan shayin rage ƙiba da ta gani a waya. In ɗayarsu ta daina barci, ta fara kuka ba dalili, sai a ce iska ce ko sammu, a nemo mai ruƙiyya. Da wuya a sami mai cewa, "Hajiya, me kike sha kwanan nan?"

Hukumar NAFDAC tana da fom na kai rahoton illar magani, likitoci da masu haɗa magani na asibitin Shika sun san shi. Amma ba abin da za su rubuta in an bar ledar a gida, a ƙarƙashin filo.