Tsadar Takarda da Hannun Mai Zane

Idan aka tsaya gaban zanen surar ɗan'adam, abin da aka saba yabawa shi ne baiwar mai zanen. Ba kasafai ake tambayar nawa ya sayi takardar ba, ko wane ne ya tsaya masa har ya gama zana shi. Alhali tarihin wannan fanni ya nuna cewa halin aljihu yana da hannu dumu-dumu a cikin abin da ke fitowa a kan takarda.

A ƙasar Italiya, wajen shekarar 1400, Cennino Cennini ya rubuta littafin koyar da sana'ar zane, inda ya umarci mai koyo ya fara da ɗan allon katako da aka shafe da garin ƙonannen ƙashi. In allon ya cika, sai a goge a sake. Duk wanda ya taɓa wanke allo a tsangaya ya san wannan dabara. Fata da takarda sun yi tsadar da ba za a ba yaro ya ɓata ba, shi ya sa zanen gwaji na wancan zamani kaɗan ne ya rage. Sai da ɗab'in littattafai ya bunƙasa bayan 1450, takarda ta yawaita, sannan masu zane suka samu sararin zana kafaɗa ɗaya sau da yawa har ta yi daidai.

Haka batun wanda ake zanawa yake. Masu shagunan zane sukan tsayar da yaran shagonsu, domin ba sai an biya su wani lada na daban ba, kuma al'ada ba ta sake wa mata su tsaya ba. Zanen jan alli da Michelangelo ya yi na bokanyar Libiya, lokacin aikin rufin majami'ar Sistine tsakanin 1508 da 1512, namiji ne ya tsaya masa, kuma faɗin bayan surar ya nuna hakan. Shi kansa fensirin da ake riƙewa a yau yaƙi ne ya haife shi. A 1795, da aka katse wa Faransa baƙin ma'adinin da take samu daga Ingila, Nicolas-Jacques Conté ya cuɗa garinsa da yumɓu ya gasa.

Wannan darasi ya shafi jami'o'in Nijeriya. Tun bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 darajar naira take faɗuwa, masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku kuma suka durƙushe, aka koma dogaro da ta waje. Ɗalibin da ke lissafin kowane falle zai ji tsoron kuskure, wanda kuwa ke tsoron kuskure hannunsa ba ya sakewa. Daga ƙarshe sai ya koma kwaikwayon hoto daga waya, ya rasa sanin yadda nauyin jiki ke sauka a kan ƙafa.

Wasu kan ce rashi yana haifar da dabara, kuma labarin Conté ya goyi bayansu. Sai dai Conté yana da gwamnati a bayansa, domin ita ta sa shi aikin. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ya kamata sassan koyar da zane su sa kuɗin takarda da ladan masu tsayawa a zana su cikin kasafinsu na shekara, kamar yadda ake sa kuɗin sinadarai a ɗakin gwaje-gwaje. Kafin malami ya yanke wa ɗalibi hukuncin rashin baiwa, ya fara bincika falle nawa ɗalibin ya samu ya ɓata a zangon karatun.