Gaban kwali talla ne, gaskiya tana baya

Ƴan uwa matasa, yau Indiya za mu leƙa, wurin karin kumallo.

A 1994 kamfanin Kellogg's na Amurka ya shiga Indiya da cornflakes, wato gasasshiyar masarar nan da ake zuba wa madara. Da farko abin bai karɓu ba. Mutanen can sun saba da kari mai zafi: poha na shinkafa, upma na tsakin alkama. Madarar ma tafasa ta suke yi, da an zuba sai masarar ta yi lagwaf. Amma talla ba ta gajiya. Yau manyan kantunan Delhi da Mumbai cike suke da kwalaye, kowane na rantsuwa shi ne na lafiya.

To wanne uwa za ta ɗauka? A ganina ta juya kwalin kawai.

Ta fara da jerin kayan haɗi, don daga mafi yawa ake jero su. In sukari ya zo na biyu, ai alewa ce ta saya. Kuma sukari yana da sunaye: glucose syrup, malt extract, zuma, har da jaggery, mazarƙwailarsu. Sai ta duba nawa ne a cikin giram 100, ta ƙyale lissafin "ci ɗaya" na giram 30, wanda ba yaron da ke tsayawa nan. A Ingila, abin da ya wuce giram 22.5 cikin 100 jan tambari ake sa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kamar giram 50 a yini ga babba, in so samu ne 25, wato ƙaramin cokali shida. Daga nan ta nemi hatsin da ba a raba shi da dusarsa ba, shi ne ke riƙe ciki har azahar.

Abin ba wasa ba ne fa. Binciken hukumar ICMR ta Indiya da ya fito a 2023 ya ce mutum miliyan 101 ke da ciwon sukari a ƙasar. A 2024 kuma ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta nuna ana ƙara sukari a Cerelac ɗin jarirai na Indiya, alhali irinsa na Jamus da Ingila babu. Tun yaro bai yi haƙori ba an koya wa harshensa zaƙi.

Wani zai ce matar da ke sammako aiki ina ta ga lokacin girki? Gaskiya ne, kuma wasu kwalayen ana ƙara masu sinadarin ƙarfe da bitamin. Amma oats marar haɗi minti biyar ne, kunun ragi ma ba ya cin lokaci. Ragi ɗin nan tamba ce. Bajra gero ne, jowar dawa.

Nan labarin ya iso gida. Indiya ce ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2023 ta zama shekarar gero da danginsa. Cibiyar ICRISAT mai hedikwata kusa da Hyderabad tana da tashar bincike a Sadoré, kusa da Yamai, don geron nan namu. Su suna komawa gare shi, mu kuma a Maraɗi da Damagaram wasu sun fara ganin koko abin talaka ne, kwali kuwa wayewa.

Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya: kokon da aka narka wa cokali huɗu na sukari bai fi kwalin ba. Gobe da safe, a gaban mai koko ko a kanti, ka ƙirga cokulan. Ka faɗa mana nawa ka samu.